Shafin Farko na Jam'iyyar Allura

Kullum da hantsi akwai wasu marasa aikin yi da ke taruwa a bencin ƙofar shagona suna gardamar siyasa. Wannan ya ce jam'iyya ba komai ba ce sai da shugaba, a ba shi mutum ɗaya mai farin jini, ko hoton bokiti aka sa a takardar zaɓe sai an dangwala. Wancan ya ce ƙarya ne, shugaba fuska ce kawai, masu aikin suna can ƙasa a mazaɓu. In abin ya yi zafi sai su juyo kaina, su ce, "Mai Inji, kai da ka shekara talatin kana buga musu fosta, raba mana gardama." Ni kuwa sai in ƙara wa injina gudu in yi kamar ban ji ba. Ina da amsa, bakina ne ba ya iya ɗaukarta. Yau zan rubuta ta ko na samu sauƙin abin da ke ƙirjina.

A shagon Baba Tela aka haifi jam'iyyarmu, tsakanin kekunan ɗinki biyu da tulin ƙyallaye, shi ya sa alamarta allura ce. Abokan hamayya suka samu abin tsokana, wai sai mai zaɓe ya ari tabarau kafin ya gano mu a takarda. Mu tara ne. Baba Tela ne shugaba, ni mai buga takardu, sai wani siririn akawu na ofishin ruwa da muka ba sakatare saboda kyan rubutunsa. Rubutun ne kaɗai abin yabo a wurinsa. In ya tashi jawabi, kafin ya kai tsakiya ni kaina na yi hamma uku.

Da muka je neman rajista, aka ce sai mun kawo littafi mai sunayen mambobi. A lokacin duk ma'aikacin da aka ga sunansa a jam'iyyar adawa, takardar sallama ce ke jiransa. Baba Tela ya sa hannu a bangon littafin a matsayin shugaba, sauranmu kowa ya kama kallon silin. Sakatare ya ɗauko littafin rubutu na 'yan makaranta, irin wanda matarsa Malama ke rabawa a ajinta, ya ja layuka, ya cika shafin farko da mutanen gidansa. Lamba ɗaya mahaifiyarsa, Inna. Lamba biyu ƙaninsa direba. Uku Malama, huɗu babban ɗansa, biyar Auta, wadda a lokacin watanta huɗu a duniya. A gurbin sana'arta ya rubuta "ba ta fara ba tukuna", muka yi dariya har da riƙe ciki. Sauran shafukan kuwa daga littafin awon Baba Tela ya kwafo su. Nasa sunan bai sa ba ko a ina, don yana tsoron aikinsa. Ofis ya duba, ya buga hatimi, ya maido. Malama ta jefa littafin a ƙasan akwatinta ba tare da ta buɗe ba.

Shekara goma sha biyu muna shan kaye. Baba Tela ko a jikinsa. A kowace mazaɓa yana da mutanensa, masu gyara famfon unguwa, masu raka marar lafiya asibiti, masu tsayawa a layi da tsofaffi. Kowane zaɓe ƙuri'unmu na ƙaruwa kaɗan, shi kuma wannan ya ishe shi. Sakatare ne abin bai isa ba. Masinjan ofishinsu ya shiga jam'iyya mai mulki, ya zama ɗan majalisa, ya dawo yana miƙo masa hannu ta tagar mota. Tun daga ranar na ga idon Sakatare ya sauya.

Wata Talata ya shigo shagona ya tura ƙofa.

"Mai Inji, littafi nake so ka haɗa min, irin na rajistarmu na farko. Ya tsufa, ya ji jiki. Shafin farko ka bar min, ni zan rubuta."

"Ina na asalin?"

"Yana nan. Wannan na wani aiki ne."

"Wane aiki?"

"Addu'a za a yi wa jam'iyya," in ji shi, yana kallon injin.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na san ba addu'a ba ce. Amma a sana'armu sauya takardar sunaye ba ya cikin manyan zunubai. Tsakanin ƙofar zauren taro da teburin alƙalai takardar wakilai kan sauya sau biyu, wadda aka buga wa hatimi ita ce gaskiya. Na jiƙa shafukan da ruwan shayi, na shanya a rana, na sassaƙa hatimi da hannuna. Ya zauna a wannan bencin ya rubuta sunaye biyar: Baba Tela a sama, sai dattawa huɗu da ke tsakaninsa da kujerar shugabanci. Da ya gama ya ce in raka shi wurin wani boka, ƙafarsa ba za ta kai shi ba shi kaɗai.

Bayan filin da ake zubar da matattun motoci akwai wata tsohuwar bas da ta zauna a kan cikinta, ba taya ko ɗaya, tagoginta a liƙe da jaridu. Rana tana tsaka, kwano na ƙuna, amma da muka sa ƙafa ciki sai sanyi ya kama ni har haƙori. An cire kujerun duka. A jikin ƙarfen da fasinja ke riƙewa, daga gaba har baya, kwaɗon ƙofa ya fi ɗari a rataye, kowanne a kulle, suna lilo a hankali alhali ba iska. A can ƙarshe akwai baho cike da baƙin ruwa, a samansa an ɗaure wata tsohuwar lasifika mai faɗin baki, ba waya a jikinta. Warin tsatsa da na wani abu mai kama da ɗanyen nama ya cika wurin. Bokan yana zaune a kujerar direba da aka juyo da ita. Ɗan ƙaramin mutum ne mai tsabta, da farar riga, da ka gan shi a hanya ka ce mai gyaran agogo ne.

"Ka dawo," ya ce. "Wancan karon ba ka faɗi abin da kake so ba. Kuɗi ko mutane?"

"Mutane. In akwai mutane, kuɗi zai biyo su."

"Ka fi waɗanda suka riga ka wayo. Zan sa maka abu a harshe. Duk wanda ya ji muryarka ko ya ga fuskarka, hannunsa zai bi ka. Ka kawo littafin da aka haifi jam'iyyar a ciki?"

Sakatare ya miƙa masa wanda na haɗa. Bokan ya ajiye littafin a kan cinyarsa.

"Ba na karɓar kuɗi. Shafin farko nawa ne. Duk zaɓen da kuka ci, suna ɗaya, daga sama zuwa ƙasa."

"Mutum biyar ne fa. A bar shi a uku."

"Ba kasuwa ka zo ba."

"In shafin ya ƙare?"

"Mun rabu, kowa ya kama gabansa."

"In kuma muka faɗi zaɓe a tsakani?"

Bokan ya ɗaga kai ya dubi abin da ke rataye a samanmu. "Faɗuwa ɗaya ta warware komai, kwaɗonka zai buɗe da kansa. Ka duba ka gani ko akwai buɗaɗɗe a cikinsu."

Na duba. Babu ko ɗaya. Na ja gefen rigar Sakatare, ya doke hannuna.

Bokan ya tsoma yatsa a bahon ya ɗiga masa ruwan sau uku a harshe. Ya ce ya durƙusa ya sa bakinsa a lasifikar, ya kira mambobin shafin farko da lambarsu. Ina ganin leɓunansa suna motsi, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma ko ɗuriyar sauti ban ji ba, lasifikar ta haɗiye duka. Sau biyar ya kira. Bokan ya ɗauko sabon kwaɗo ya rataya, ya danna, ya saki makullin cikin bahon. Ruwan bai ko motsa ba. Sai ya maido wa Sakatare littafinsa yadda ya karɓa.

"Ba za ka duba ba?" in ji Sakatare.

"Ba ni ne mai karantawa ba."

Da muka fito rana, Sakatare ya saki wata dariya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga? Ko buɗewa bai yi ba."

Sati biyu bayan haka muka yi taro a filin kasuwa. Jawabin da ya saba ne, na fasassun bututun ruwa, na san shi kamar tafin hannuna. Amma da ya buɗe baki sai masu awo suka bar sikeli, motoci suka tsaya, na ga ƙaton mahauci yana share hawaye da bayan hannu. Aka ɗauke shi a kafaɗa har ofis. A babban taron jam'iyya na shekarar aka sauke Baba Tela ba tare da ko an ƙirga hannu ba, Sakatare ya zama Jagora. Tsohon ya naɗe tutar da ya ɗinka da hannunsa ya miƙa masa, ya ce, "Ka riƙe mutanen mazaɓu, su ne jam'iyyar." Jagora ya ce to, yana kallon wani wurin.

Zaɓen kansiloli muka fara cinyewa. Ana cikin karanta sakamako da la'asar, Jagora yana zauren ƙirga, Inna tana gida tana ninke wanki. Maƙwabciyar da ke taya ta ta ce sai tsohuwar ta ɗaga kai kamar mai sauraro, ta ce, "Na'am, ɗan nan, ga ni nan." Ta kife a kan kayan. A wurin gaisuwa Baba Tela ya zo da ƙafarsa, lafiya lau, har yana taya shimfiɗa tabarma. Jagora ya daɗe yana kallonsa. Ya juyo ya ce min, ba tare da na tambaya ba, "Ai ta tsufa."

Arziki ya zo kamar an fasa tanki. Kwangila, motoci, gida mai hawa uku da ƙofar ƙarfe. Ni ma na samu rabona, inji biyu sababbi da ma'aikata shida. Kowane zaɓe sai a ce in ƙara girman fuskarsa a fosta, ni kuma in rage allurar don ta samu wuri. Ta koma kusurwa, ta koma kamar ƙwayar shinkafa, wata rana na manta da ita gaba ɗaya, babu wanda ya lura.

A zaɓe na biyu muka kwashe kujerun majalisa. Ƙanin Jagora ne ke jan motar gaba a ayarin murna. Ya taka birki a tsakiyar titi, ya leƙo da kai ta taga, ya ce, "Na'am, Yaya." Jagora kuwa yana zaune a bayansa, bakinsa a rufe.

Washegarin sadakar mutuwar ƙanin, Jagora ya zo shagona ya zauna a kan tulin takarda, ya yi zuru-zuru.

"Na asalin suke bi, Mai Inji."

"To ka bari mana. Ka sauka, a faɗi zaɓe ɗaya, a huta."

"A wannan gaɓar? Ka san abin da ke gabanmu kuwa? Akwai hanya. Duk wanda aka rubuta ana iya korarsa."

Wannan wayon ɗan siyasa kaɗai zai yi shi. Ya kira kwamitin ladabtarwa, aka zauna da ajanda da mai rubuta bayanin taro, aka kori matarsa da ɗansa da 'yarsa daga jam'iyya bisa laifin rashin halartar taro. Ni na buga wasiƙun, aka danna hatimi, aka sa hannu. Ya shiga zaɓe na uku hankalinsa kwance.

Malama ta karɓi wasiƙar kora daga jam'iyyar da ba ta san ta shiga ba. Mace ce mai nutsuwa, shekara ashirin tana kiran sunan yara kowace safiya. Ta zazzage akwatinta ta ciro littafin. Gurbin lamba ɗaya da na biyu fari fat, kamar ba a taɓa sa alƙalami ba, nata sunan ne yanzu a sama. Ta tuna yadda surukarta da ƙanin mijinta suka tafi, ta haɗa lissafinta. Ba ta yi masa kuka ba. Abin da ta ce kawai, "Ka rubuta mu don kana tsoron rubuta kanka." Ranar sakamako ta toshe kunnuwanta da auduga, ta cusa ɗankwali a baki ta cije. Muka ci, aka kira ta, ta ƙi amsawa. Ba ta mutu ba, amma kiran bai tsaya ba. Daga ranar take zaune a kusurwar falon sama, tafukanta a kan kunnuwa, tana kaɗa kai, ba ta ƙara furta kalma ba.

Mai hankali zai ce nan ne mutum zai tsaya. Zaɓe na huɗu kuwa shi ne babba, na kafa gwamnati. Jagora ya saka ɗansa a jirgi ya tura shi karatu wata ƙasa mai nisa, wai kira ba ya ƙetare teku. Muka ci. Abokan yaron suka bugo waya suka ce suna cikin aji ya miƙe tsaye ya ce, "Na'am, Baba." Wannan ne na kasa yafe masa, don ido buɗe ya shiga.

A wannan tsakanin jam'iyyar ta zama shi, shi ya zama jam'iyyar. Duk wanda ke da mutum goma masu jin maganarsa, Jagora ya kore shi. Masu gyaran famfo suka watse, ofisoshin mazaɓu suka koma wurin ajiye fosta. Waɗanda suka rage su ne waɗanda ko a gidansu ba za su ci ƙuri'a ba sai da hotonsa. Ana cewa ko mai askinsa ya tsayar sai ya ci, kuma ya tsayar da shi, ya ci.

Saura Auta. Shekararta ashirin, tana koyon aikin jinya, ita ke ba mahaifiyarta abinci a baki. Ita kaɗai ce ke iya ce wa Jagora ya cire takalmi kafin ya hau kafet, ya cire. Ana nan sai wani ɗan majalisa ya rasu, aka sa ranar zaɓen cike gurbi. Kujera ɗaya ce, ƙarama, da a da ko kallonta ba zai yi ba.

Ya ja ni muka koma bas ɗin. Komai yana nan yadda muka bari, bokan ko furfura ɗaya bai ƙara ba. Jagora, mutumin da manya ke miƙewa in ya shigo, ya zube a ƙasa.

"Ka ɗauke ni a madadinta."

"Sunanka ba ya shafin."

"Zan rubuta yanzu. Zan ba ka gidan, da motocin, da duk abin da na tara."

"Me zan yi da su? Kai ka rubuta shafin da hannunka tun kafin ka san ni. Na faɗa maka hanya tun farko. Ka faɗi sau ɗaya."

Ya kira shugabannin jam'iyya ya ce ya ajiye mulki. Zauren ya kaure. Mataimakinsa, wani mai ƙaton tumbi da ya fara da riƙe masa jaka, ya durƙusa ya kama ƙafarsa.

"Ranka ya daɗe, in ka tafi mu ina za mu? Wa ya san mu? Wallahi ba mu karɓa ba."

"Na gaji. Ku nemi wani."

"Wane wani? Akwai wani ne? Kai ne jam'iyya, mu 'yan rakiya ne."

Aka kaɗa ƙuri'a, kowa ya ƙi amincewa da murabus ɗin, har da tafi. Da ya ga haka sai ya zaɓo ɗan takarar da ya fi kowa baƙin jini, wani mai karɓar harajin kasuwa da ya taɓa kifar wa wata tsohuwa tiren tumatir. Ya hana taro, ya hana lasifika, ya kira ni gefe ya ce, "Ko takarda ɗaya mai fuskata kada ta fita daga shagonka. Ka san dalili." Na ce na sani. Daga nan ya tafi shagon Baba Tela, ya faɗa masa komai, har da sunansa da ya sa a littafin jabu, ya roƙe shi ya fito takara ya kayar da ɗan takararmu. Tsohon ya sauke ƙafarsa daga kan keke ya dube shi.

"Da wa kake so in yi takarar? Mutanen da muka shekara goma sha biyu muna tarawa ka watsa su." Ya numfasa. "Zan fito, amma ba don kai ba. Don yarinyar, ni na ɗinka mata rigar farko."

Baba Tela ya shiga da ƙafa, gida gida, shi da wasu tsofaffi shida. Da yake muryar Jagora ta yi shiru, sai mutane suka fara farkawa. Aka tuna wanda ya gyara famfo, aka tuna tiren tumatir. Saura kwana huɗu, kowa ya san tsohon ne a gaba. Na ga Jagora a ranar yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun rasuwar ɗansa.

Saura kwana uku Mataimaki ya shigo shagona da mutum biyu.

"Fosta dubu goma, Mai Inji. Fuskar Jagora kaɗai, ko sunan ɗan takara ba sai ka sa ba. Tsofaffin jawabansa muna da su, mun ɗaura wa motoci."

"Ya hana."

"Ba shi da lafiya, mutuwar yaron ce ta taɓa shi. In muka faɗi wannan, an ga bayanmu, kai ma aikin buga takardun gwamnati ya bar hannunka. Ko mu kai wa na tsallaken titi?"

Na dubi injinana biyu da ma'aikatana. Na ce wa raina takarda ba ta dangwala ƙuri'a, in ban buga ba wani zai buga. Na san komai, na ga bas ɗin da idona sau biyu, na kunna inji. Kafin wayewar gari fuskarsa ta rufe kowane bango a mazaɓar, muryarsa na tashi daga mota goma sha biyu.

Ranar sakamako na kasa zama, na tafi gidan. Na same su a falon sama, an ja labule, hasken la'asar na shigowa ta gefe. Malama tana kusurwarta. Jagora ya zaunar da Auta a gabansa ya riƙe hannuwanta biyu, kunnuwanta cike da auduga. Ya riga ya faɗa mata komai. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, bai zage ni ba, na gwammace da ya zage ni. Waya ta yi ƙara, ni na ɗauka. Mun ci da ratar ƙuri'a arba'in da ɗaya.

Ban faɗa ba, fuskata ta faɗa. Daga nesa aka fara jin hon na motocin murna. Auta ta ɗaga kai, ta juya wajen matakala.

"Kada ki amsa," in ji shi. "Ga ni a gabanki. Dube ni, Auta, bakina a rufe."

Ta cije leɓe, ta runtse ido, gumi ya keto mata. Ta daɗe a haka, har na fara sa rai. Can ta buɗe ido, hawaye na zuba.

"Baba, kuka kake yi a ƙasa. Kana cewa ka faɗi, ba ka iya tashi."

"Ba ni ba ne!"

"Na sani." Ta dube shi, ta sake duban matakalar. "Amma muryarka ce. Ban taɓa jin ka kira ni haka ba." Ta yi ƙoƙarin haɗiye kalmar, na ga wuyanta yana motsi. Sai ta fito a hankali, yadda take amsa masa kowace safiya. "Na'am, Baba."

Kanta ya sauka a kan gwiwarsa. Ɗakin ya yi tsit. Malama, wadda ta shekara huɗu ba ta sauke hannu daga kunne ba, ta sauke su a kan cinyarta, ta saurara. Da muryar da take sallamar aji ta ce, "An gama kiran suna."

Abin da ke harshensa ya tafi a ranar. Bayan wata biyu 'yan rakiyarsa suka tallabo shi zuwa wani taro, ya yi magana, mutane suka ci gaba da cinikinsu. Cikin wata shida jam'iyyar da ta kafa gwamnati ta watse kamar ba a yi ta ba, don in ka cire fuskar babu komai a bayanta. Mataimaki ne farkon wanda ya sauya sheƙa. Babban ofis yanzu shagon katifa ne. Gidan mai hawa uku ya tafi, 'yan'uwan Malama suka zo suka ɗauke ta. Dattawa biyar na littafin jabu kuwa duk suna nan da ransu. Baba Tela ya sake tara mutum tara a shagonsa, sunansa ne na farko a sabon littafi.

Ku masu bencina, wannan mai yagaggiyar rigar da ke zuwa kullum kuna matsa masa ba ku ko kallonsa, shi ne. Littafin 'yan makarantar ne a hammatarsa. Yakan buɗe shafin farko ya rubuta sunansa da wannan kyakkyawan rubutun, kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya ɓace. Sai ya shigo ya ce, "Mai Inji, ba ka da tawada mai kamawa?" In ba shi, ya gwada, ya tafi, gobe ya dawo.

Don haka in kun tambaye ni ko shugaba na iya ɗaukar jam'iyya shi kaɗai, yana iyawa, na gani da idona. Ku dai tambayi abin da ya ba da kafin ya iya, da kuma wanda ya rage da zai tsayar da shi ranar da yake roƙon a tsayar da shi. Mai kwaɗayin da ke shirin zuwa bas ya sani, can ba a duba hatimi, kuma ba da kansa zai biya ba, da na gidansa zai biya. Ku kuma masu rakiya da ke cewa ba ruwanmu, mu dai aikinmu muke yi, ku ji tsoron Allah. Ni ban ɗiga wa kowa baƙin ruwa a harshe ba, fosta kawai na buga. Dubu goma na buga, arba'in da ɗaya suka kashe yarinyar.